Ba A Auna Mu Ba, Sai A Ce Matan Ne: Kira Ga Mazan Sharaɗa, Challawa Da Bompai

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana maza, musamman leburorin kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, da kuma mu manoman lambu da muke ban ruwa da abin da ya gangaro daga bayan kamfanonin. Maganar tana da nauyi a baki, saboda haka ina roƙon a sakaya sunana, masu karatu kuma su yi mini afuwa idan na ambaci abin da ba a saba ambata ba a bainar jama'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni manomi ne, ina da ɗan lambu na gado a bakin kogin Challawa, kuma ina taɓa 'yar tireda, sabulu da omo da biredi, a kusa da ƙofar wani kamfani. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Shekarata 46, na yi aure sau biyu, kuma har yau ba a taɓa yin suna a gidana ba.

Daga 2000 zuwa 2009 na yi leburanci a wani kamfanin jima a Challawa, wanda ba zan kama sunansa ba. Aikina na farko shi ne kwaso fata daga cikin manyan gangunan nan masu juyawa, hannuna tsamo-tsamo cikin wani ruwa mai shuɗi-shuɗi. Safar hannu in ta yage sai ka yi wata kana bin sito ba a ba ka wata ba. Daga baya aka mayar da ni wajen tukunyar tururi, inda mutum zai wuni yana zufa har ta cikin wandonsa. Da aka zo rage ma'aikata ina cikin waɗanda aka sallama, na koma gona.

A 2003 na auri 'yar kawuna. Shekara ɗaya, biyu, uku, shiru. Nan fa aka fara ƙus-ƙus a dangi, wai juya ce. Babu inda ba a kai yarinyar nan ba. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta sha saiwoyi har cikinta ya ɓaci, an kai ta asibiti an yi mata wankin ciki. Ni kuwa ko sau ɗaya babu wanda ya ce in je a duba ni, ni ma ban kawo wa raina ba, domin ina ganin lafiyata ƙalau a shimfiɗa. A 2009 na biye wa surutun mutane na sake ta. Ta yi aure a wani ƙauye, ba ta cika shekara biyu ba ta haihu, yanzu 'ya'yanta biyar. Kawuna har ya koma ga Allah ba mu koma daidai ba. Duk da wannan ishara ban farga ba, sai na ce ai jininmu ne bai haɗu ba. Na sake aure a 2011, ita ma wannan baiwar Allah aka ɗora mata irin wahalar da waccan ta sha.

Sai a 2022 wata likita ta ce wa mai ɗakina ba za ta ƙara rubuta mata komai ba sai ta zo da mijinta. Ta dawo gida ta durƙusa ta ce, "Malam, don girman Allah ka je ko sau ɗaya ne." Na je ina jin kunya kamar in nutse. Aka ce in ƙaurace wa iyali kwana uku, aka ba ni 'yar kwalba. Kuɗin gwajin bai kai na buhun taki ba. Sakamako ya fito babu ɗan maniyyi ko guda. Aka maimaita bayan wani lokaci, haka dai.

To jama'a, ga abin da likitan maza ya fahimtar da ni, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ya ce ruwan da namiji yake fitarwa daban, ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa daban. Yawancin ruwan nan daga wasu sassa na ciki yake zuwa, su kuwa ƙwayoyin a maraina ake ƙera su, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Saboda haka mutum yana iya zama ƙaƙƙarfa, yana biya wa iyalinsa buƙata sarai, yana fitar da ruwa kamar kowa, amma babu iri a ciki. Ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ana so a samu aƙalla miliyan 16 a cikin ɗan abin da bai kai rubu'in cokalin shayi ba. Ya ce a cikin maza ɗari ana samun kamar mutum ɗaya da ba shi da ko guda, irina ke nan. Kuma idan aka tara ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, kusan rabinsu akwai hannun namiji a cikin matsalar. Ita wannan hukuma a 2023 ta fitar da rahoto cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Yanzu don Allah a duba layin asibitin mata a Murtala ko a asibitin Malam Aminu Kano, a ƙirga maza nawa ne suka biyo matansu domin a auna su su ma.

Da ya ga manomi ne ni, sai ya yi mini misali da abin da na sani. Ya ce rashin irin nan kashi biyu ne. Akwai wanda rijiyarsa cike take da ruwa, tiyo ne ya toshe. Wannan yakan faru ga wanda ya taɓa yin ciwon sanyi bai yi magani sosai ba, ko wanda aka yi wa aikin gwaiwa aka taɓa hanyar, ko wanda aka haifa babu hanyar. Akwai kuma wanda tiyonsa lafiya lau, rijiyar ce ta ja baya. Wannan yakan samo asali daga hangum idan ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka a maraina, ko marainan da ba su sauko ba tun yarinta, ko halitta, ko guba. Da ya duba ni ya auna jinina, sai ya ce ni ina cikin kashi na biyu.

Na ce, "Likita, shi ke nan an rufe littafi?" Ya ce a da haka ake cewa, amma yanzu akwai aikin da ake yi a shiga har inda ake ƙera ƙwayoyin a ciro su. Ga mai toshewar hanya abin da sauƙi. Ana yi masa allurar kashe wurin, a soka siririyar allura a ƙullin jijiyar da ke manne a bayan maraina, inda ƙwayoyin suke taruwa, a zuƙo. Wannan suke ce wa PESA. Ko a soka allurar a cikin marainan kansu, shi ne TESA. Mutum a ranar yake komawa gida, kuma kusan kullum ana samu. In ba a samu ta haka ba sai a ɗan tsaga a yanko tsoka 'yar mitsitsiya a bincika, shi ne TESE. Ga irina kuwa, waɗanda rijiyarsu ta ja baya, sai an sa mutum barci, a buɗe marainan, likita ya sa ido a babban madubin tiyata yana bin ƙananan jijiyoyin nan masu kama da zare ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ta fi kauri, domin a nan ake sa ran samun 'yan ƙwayoyin da suka rage. Kamar mai kala ne a gonar da aka riga aka girbe. Wani likitan Amurka mai suna Peter Schlegel ne ya bayyana wannan hanya a 1999 a birnin New York, kuma a cikin mutum biyu da aka yi wa, kamar ɗaya ake dacewa a samu.

Abin da ban sani ba sai da ya faɗa, shi ne ƙwayoyin da aka ciro ta haka ba a zuba wa mace su kai tsaye. Sun yi kaɗan, kuma ba su da ƙarfin iyo. Dole ita ma matar a yi mata allurai na kwanaki har ƙwayayenta su nuna, a ciro su, sannan a ɗauki ɗan maniyyi guda ɗaya tak a tsikara shi a cikin ƙwai guda da allurar gilashi. In ya kama, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar cikin mahaifarta. Abin da ya rage ana iya daskarar da shi a ajiye. A 1978 aka haifi jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai a waje a Ingila, ita kuwa dabarar tsikara guda ɗaya a Brussels ta ƙasar Beljiyam aka fara samun haihuwa da ita a 1992. A nan gida ma Dokta Ibrahim Wada ya samu nasarar haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai a Abuja tun 1998. Ashe lokacin da nake sakin 'yar kawuna ana yin wannan aiki a cikin ƙasar nan, ni ina can ina sayen saiwa.

Da na dawo hankalina bai kwanta ba sai da na je wurin malaminmu, domin na ji ana cewa 'ya'yan kwalba shegu ne. Malam ya ce a bar faɗar abin da ba a sani ba. Ya ce manyan malamai sun zauna a kan wannan tuntuni, Azhar ta Masar ta ba da fatawa a 1980, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ita ma ta zauna a Amman ta ƙasar Jodan a 1986. Abin da suka tsaya a kai, idan irin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, aka mayar a cikinta alhali igiyar aure tana nan, ya halatta. Abin da aka hana shi ne a kawo na wani namiji ko na wata mace. A nan ne na ga amfanin wannan tiyata gare mu Musulmi, domin a wasu ƙasashe wanda ba shi da iri sai a ba matarsa na wani, mu kuwa wannan ƙofa a rufe take. Ko dai a ciro naka, ko ka rungumi haƙuri.

Sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙar. Da aka lissafa mini tiyatar da alluran mai ɗakina da aikin haɗawar da kuɗin mota da masauki, miliyoyin naira ne, a gwaji ɗaya. Kuma likitan bai ɓoye mini ba, ya ce ana iya buɗewa ba a samu komai ba, ana iya samu ƙwan bai kama ba, yana iya kamawa cikin bai zauna ba, kuɗin kuwa ba a mayarwa. A 2024 gwamnatin Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 71,000. Leburan da ake ɗauka kullum-kullum a ƙofar kamfani a sallame shi da yamma, sau da yawa ko wannan ba ya haɗawa a wata. Shekara nawa zai yi yana tari, bai ci ba bai sha ba? Ga shi kuma abin ba ya jira, domin ya ce ƙwan mace yana raguwa yana rage kyau idan ta haura 35, mai ɗakina kuwa tana bakin nan. Shekarun da muka ɓata muna zarginta su ne shekarun da aikin ya fi kamawa.

Yanzu bari in dawo kan kamfanoni. Na tambayi likita ko aikin jima ne ya jawo mini. Ya ce ba zai ɗora wa kowa ba, domin na faɗa masa na yi hangum ina saurayi, kuma babu wanda ya auna ni kafin in shiga aikin balle a kwatanta. Ni ma ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Amma ya ce abu biyu tabbatattu ne. Na ɗaya zafi. Allah Ya rataye maraina a waje ne domin suna son sanyin da ya ɗara na jiki, kuma ƙwaya tana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ta nuna, saboda haka mai wuni a gaban wuta ko tururi kullum yana dafa irinsa. Na biyu gubar dalma, an daɗe da sanin tana rage ƙwayoyin namiji, haka ma wasu magungunan ƙwari. Mu nan arewa ba baƙi ba ne ga dalma, kowa ya tuna yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010.

To wane ne bai san abin da ke fita daga unguwannin nan uku ba? Ruwan Sharaɗa yana bin Salanta ya shiga Tatsawarki ya faɗa kogin Challawa. Na kamfanonin Challawa shi ma kogin yake nufa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Wata rana ruwan ja, wata rana baƙi, wata rana da kumfa, warin kuwa sai wanda ya saba. Malaman Jami'ar Bayero da wasunsu sun sha ɗibar ruwan nan da ƙasar da ganyen suna aunawa, suna samun kuromiyam na jima da dalma da kadmiyam. Da wannan ruwa da yawanmu muke shayar da latas da kabeji da alayyahu da albasa, mu tsaya a cikinsa ba takalmi tun safe, mu kai kayan 'Yankaba a saya a ci. Mu ma manoma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Muna goya tankin feshi yana ɗiga a gadon bayanmu har cikin wando, mu dama magani da hannu, mu ci goro ba mu wanke ba.

Ɗan yayana da ke karatu a jami'a ya karanto mini wani labari da ya tsaya mini a rai. A 1977, a wani kamfanin haɗa maganin ƙwari a garin Lathrop na jihar Kalifoniya a Amurka, ma'aikatan wani sashe suna hira a tsakaninsu sai suka lura an daɗe babu wanda matarsa ta haihu a cikinsu. Ba su ce matan ne ba. Ƙungiyarsu ta tsaya aka auna su, aka tarar wasu ba su da iri sam, wasu ya ragu ƙwarai, kuma wanda ya fi daɗewa a sashen shi ya fi lalacewa. Maganin da ake kira DBCP ne ya yi musu haka. Amurka ta hana amfani da shi a yawancin gonakinta, amma aka ci gaba da kai shi gonakin ayaba na ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaraguwa, inda dubban leburori suka yi ta shari'a shekara da shekaru. Ban ce wannan magani yana Kano ba. Abin da na ɗauka shi ne, leburori ne suka gano abin da bakinsu, da suka daina jin kunyar juna. Mu kuwa a rumfar mai shayi ta ƙofar kamfani muna maganar ƙwallo da siyasa da tsadar masara, amma na san mutum uku da muka yi aiki tare waɗanda gidajensu shiru kamar nawa, kowannenmu ya yi saki, ɗaya har sau uku, kuma ba mu taɓa buɗe baki mun tambayi juna ba.

Wannan shirun namu shi ne kasuwar masu maganin ƙarfin maza. Ga su nan da lasifika a bakin tasha da ƙofar kamfani ranar albashi, suna batsa a gaban yara, suna cewa kwalba ɗaya tagwaye. Na zuba musu kuɗin da ya isa in sayi injin ban ruwa biyu. Har wani mai kemis ya taɓa yi mini allurar ƙarin kuzari, sai daga baya likita ya ce irin wannan allura ta sinadarin maza ita kanta tana tsayar da ƙera ƙwayoyin. Ka ji fa, kuɗinka ka sayo abin da zai ƙara rufe maka ƙofa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ma'aikatan fata da masaƙa da roba, su sa wannan a cikin abin da suke nema, ban da ƙarin albashi. A riƙa auna jinin ma'aikaci lokacin ɗauka da kuma duk shekara, a ba shi takardarsa a hannu, a ba da safa da takalmi da abin rufe hanci, a riƙa juya masu aikin gaban wuta. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta shafi cutar da mutum ya ɗauka a wurin aiki, kuma an ɗora wa masu kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a asusun NSITF. To amma wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ba a taɓa auna shi ba, da wace hujja zai nema? Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 da ma'aikatar muhalli ta jiha su ma su dubi Allah su tsaya a kan tace ruwan nan kafin a sako mana shi.

Gwamnatin Kano kuma, tun da a 2024 ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, ashe ta yarda ana iya shiga maganar ɗaki domin a tsare lafiyar jama'a. Ban ce a tilasta wa ango gwajin maniyyi ba. Amma a ba asibitocin gwamnati umarni, duk matar da ta zo neman haihuwa kada a fara mata magani mai tsada sai an ga mijin, kamar yadda waccan likita ta yi mini. Muna da asibitin mafitsara na Abubakar Imam, muna da asibitin koyarwa, muna da attajiran da ke gina masallatai a kowane lungu. A haɗa hannu a samar da wurin da talaka zai yi wannan aiki a cikin Kano da rangwame, ko da mutum hamsin ne a shekara. Limamai su ma su taɓo maganar a huɗuba, domin mazanmu sun fi jin ta daga bakinsu.

Ni dai an taya lambuna, kuma kuɗin zai kai gwaji ɗaya. Yayana ya ce in na sayar da gadon ubanmu a kan abin da rabi-da-rabi ne, in aka tashi babu ɗa babu gona me zan ci. Mai ɗakina ta ce duk abin da na yanke ta bi. Mun tsayar sai an cire albasa mu koma a auna ƙwayayenta tukuna, in likita ya ce da sauran dama sai in san abin yi. Ita kuwa 'yar kawuna, bayan sallar da ta wuce na je har ƙauyensu, na nemi izinin mijinta, na tsaya daga zaure na faɗa mata abin da takarda ta nuna, na roƙe ta gafara. Ta yi shiru, sannan ta ce ta yafe, ta aiko babban ɗanta ya kawo mini ruwa.



Naka,
Wani manomi,
Ƙaramar Hukumar Kumbotso, Jihar Kano.